Innar Awaki da Maharbin da Ya Zama Uwa

Harbi-Ɗaya ya harbe akuyar matar wansa da rana tsaka, ya ɗauka gada ce. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Amma ba shi na zo yabo ba. Mai akuyar na zo yabo, wadda kowa ke kira Innar Awaki, yanzu da gwiwa ta ƙi, ta miƙa wa surukarta sandar kiwo ta koma zaman inuwa. Ni mahauci ne, ban yi nisa a karatu ba, ban kuma iya zuga mutum ba. Abin da ido ya gani shi baki zai faɗa.

Gonarta ba wata babba ba ce. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, sai garke da aka kewaye da itace da tsohuwar waya, sai rabin duro na ruwan sha. Bayan gonar fili ne mai ciyawa da duhuwar ƙaya, ya gangara har bakin rafi. Tun rasuwar mijinta da waɗannan awaki ta riƙe gida, ta tarbiyyantar da 'ya'ya har kowa ya kama gabansa.

Gari na wayewa, kafin ta sa wa cikinta komai sai ta sa wa nasu. Ba ta share garke sai ta tsuguna ta dubi kashin da suka kwana yi, don a nan take gane wadda cikinta ya ɓaci. Ta ɗaga leɓen wannan, ta dubi kofaton waccan, ta cire kaska, ta kwaɓa dusa da ɗan gishiri, tana yi tana faɗa da su kamar 'ya'yan cikinta. Kowace da sunanta. Akwai Ɓarauniya, mai zare sakatar ƙofa da baki. Akwai Alƙali, tsohon bunsuru mai gemu, wanda ba ya aikin komai sai kallo da wari. Sai Ja-gaba, jar akuya mai santsin gashi, wadda in ta ɗaga ƙafa duk garke ya bi.

Na sha kora a gonar nan. Wata rana na nuna wata ƙosasshiya na ce ita nake so. Inna ta shafa cikin akuyar ta harare ni.

"Mai wuƙa, wannan su uku ne a tsaye. Je ka, in ta yaye ka dawo mu yi magana."

"Inna, ni ban ga ciki ba."

"Ina za ka gani? Kai ba ka san akuya ba sai a kwance."

Ku tambayi matar mai shayi. Da ta haihu nono ya ƙi zuwa, Inna ce ta riƙa kai mata madara da ɗuminta kowace safiya har yaron ya tashi da ƙafarsa. Ku tambayi matan da mazansu suka rasu suka bar su da yara, nawa ne ta ɗaura wa 'yar akuya a ƙofar ɗaki ta ce, "Fara da wannan, in ta haihu kya tuna da wata." Ke ce ba ki taɓa hawa kan kujera kin yi wa kowa wa'azin taimako ba, Inna. Igiya kawai kike kwancewa.

Abu ɗaya ya hana ta sakat, maharba. Filin bayan gonarta akwai zomo da fakara, wani lokaci har gada takan sauko shan ruwa, sai masu bindiga suka mai da shi wurin shaƙatawarsu. Ba farautar ce ta dame ta ba, yadda suke yin ta ne. Ganye ya motsa, sai harbi. Ba sa jira su ga kai ko ƙaho. Harsashi ya sha zuba a kan rumfarta kamar ƙanƙara, karnukansu su tarwatsa mata garke, mata masu ɗiban itace su zubar da kaya su ruga. Ta yi magana har bakinta ya gaji. Ta ɗaura wa awakin jan ƙyalle a wuya, suka ce cikin ciyawa wa ke ganin wuya?

Babban mai taurin kan cikinsu kuwa ɗan gida ne, ƙanin mijinta. Shi ya raɗa wa kansa Harbi-Ɗaya, wai ba ya maimaitawa. Tun tana amarya ta same shi da majina a hanci, ita ta riƙa yi masa wanka, don haka ko da furfura ta fito masa ba ta fasa ce masa yaro ba.

"Kai yaro, ka daina harbin abin da ba ka gani ba."

"Haba matarmu, ni fa ko ido rufe na san motsin gada."

"Ranar da za ka harbo ni, ka ce gada ce mai zane."

Ya yi dariya har da buga cinya.

Wanda bai yi kiwo ba bai san cewa akuya in naƙuda ta kama ta takan ware daga garke ta nemi duhuwa ba. Ranar nan Ja-gaba ta ware. Inna ta lura, ta sa malafarta ta bi sawu, ta same ta ƙarƙashin ƙaya ta riga ta sauke ɗaya, na biyun ya zo da ƙafa a lanƙwashe. Ta tsuguna ta sa hannu ta gyara, ya faɗo. Tana cikin share masa hanci, Harbi-Ɗaya ya hango jan gashi na motsi ta tsakanin ganye. Bai tsaya ba, sai harbi.

Ya zo da gudu yana murna, wuƙa a hannu, ya buɗa ƙaya ya ga matar wansa zaune cikin jini, malafarta can gefe. Jinin na akuya ne. Inna ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma bakin malafar ya huje kamar rariya.

Wata macen ihu za ta yi, ni kaina da na tashi da mari zan fara. Inna ta dube shi ta ce, "Riƙe mini kanta." Ta ciro gwangwanin da take shan ruwa, ta tatse dakashi, nonon farko, tun uwar na numfashi, don ta san ɗan akuyar da bai sha shi ba da wuya ya rayu. Sai da ta gama ta ce, "To, yanka ta kada ta mutu a banza." Ni aka kira na feɗe, shi ya sa na san zancen daga tushe.

Washegari babban ɗanta, direba ne a birni, ya iso da motar kaya ransa a ɓace.

"Inna, kiwon nan ya ƙare. Yau zan kwashe su kasuwa, ke kuma ki bi ni. Ba zan zauna a aiko mini an harbe uwata saboda awaki ba. Shi kuma Baba ƙarami hukuma za ta raba mu."

"In ka kwashe ni, masu ɗiban itace fa? Su ma motar za su hau?" in ji ta. "Kashe injin nan, yana firgita mini masu ciki."

Ta aika aka kira maharban duka har da shugabansu, suka taru a ƙarƙashin rumfa. Harbi-Ɗaya ya zo kansa a ƙasa, ya ce zai biya duk abin da aka yanke. Ta ɗauki malafar ta bi su da ita ɗaya bayan ɗaya, kowa ta kifa masa a ka ta ce ya ɗaga ido ya leƙa rana ta hujin. Shugaban nasu, da ya cire ta daga kansa, ya ce daga yau tsakanin gona da rafi ba mai ɗura bindiga, ko a hayi kuma ba a harbin motsi sai an ga dabba ƙuru-ƙuru.

"Na ji," in ji Inna, "amma baki ne. Baki kuwa ko Alƙali yana da shi."

Ta shiga garke ta fito da marayun nan biyu, ɗaya a kowace hammata, ta dire su a cinyar ƙanin mijinta, ta ɗora masa kwalbar shayar da jarirai.

"Ba na son biyanka, yaro. Ka kashe uwa, ka zama uwa."

"Matarmu, ni namiji da gemuna?"

"Alƙali ma da gemunsa, me ya tsinana? Ka ɗumama madarar, ka gwada a bayan hannunka. In suka yi zawo ni da kai ne."

Direba ya so ya ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace masa. Ya koma birni da mota ba kaya.

Abin da Inna ta sani, shi bai sani ba, shi ne ɗan akuya duk wanda ya ba shi nono shi ne uwarsa har abada. Harbi-Ɗaya ya riƙa zuwa tatsa kowace safiya da kwano a hannu, tana zaune tana gyara masa riƙo tana yi masa tsiya. Kafin wata ya zagayo marayun sun san warin rigarsa. Ya je teburin mai shayi suna bayansa. Ya shiga wurin aski su tsaya a ƙofa suna kuka. Ya shiga wanka su kwanta a bakin ƙofa suna jira. Matarsa ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ba ta taɓa ganin ya tashi dafa wa ɗayansu ruwan zafi ba. Mai shayi ne ya fara ce masa Uwar Biyu, sunan kuwa ya kama kamar ƙaya a zane.

Da suka isa kiwo, a ina za su yi? A filin nan dai na bayan gona. Sai ga shi mutumin da ya fi kowa harbi a wurin ya zama mai gadinsa. Na gan shi da idona ya tare wasu baƙin maharba ya ce, "Ku juye harsashin nan, 'ya'yana na ciki." Tun daga ranar, rumfar Inna ba ta sake jin ƙarar komai ba sai ruwan sama, mata na ɗiban itacensu suna hira.

Ke ce mai garke, Inna, ke ce kika ga mutuwa ta huje miki malafa, kika fara tuna cikin jarirai kafin ranki. Kin gyara ɓarna ba ki raba zumunci ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sa surukarki ta gaji hannunki har da bakin. Masu kiwo ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya magana. Masu bindiga kuma, wanda bai ga kai ba kada ya taɓa kunamar bindiga, don ba kullum malafa ke tarewa ba.

Shi kuwa Uwar Biyu sau ɗaya ya sake gwada farauta. Ya saɓi bindiga ya lallaɓa ta bayan gida, ya haye rafi, ya laɓe, ga gada ta gaske tsaye a gabansa. Yana ɗaga bindiga sai ya ji "meee" a bayansa, murya biyu. Gada ta ba ƙafa iska. Ya dawo da ɗaya a kafaɗa don ta gaji, ɗayar tana tauna masa bakin riga. Bindigar na nan rataye a bangon ɗakinsa, zanzaro ya yi gida a bakinta.