Takalmin Dama na Baba Okonos

A gyara zama, a cire hula ko da kunne zai daskare, ga Baba Okonos ɗan Miteri, sarkin maharban ƙauyen Kuranak wanda ba wanda ya naɗa shi. Mai kare ɗaya, mai bindiga ɗaya, mai yatsun ƙafa takwas da haƙoran da ba su kai yatsun yawa ba. Duk ƙasar Saka, can ƙuryar arewacin duniya, daga bakin kogin Aldan har inda hanya ta gaji ta tsaya, ba a taɓa jin ya ce ana sanyi ba. Iyakarsa ya leƙa waje, ya ji numfashinsa na daskarewa yana ƙara kamar ana zuba hatsi a tasa, ya dawo ya ce yau a ƙara safa.

Yatsun nan biyu tun yana ango ya bar wa dawa su. Ya bi sawun tayak, ƙatuwar barewar nan da ta fi doki tsawo, sai ƙafarsa ta hagu ta burma cikin ruwan da ke laɓewa ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Kafin ya iso gida ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi, likita ya sallame su. Tun daga ranar matarsa Moturuna ta ce ƙafafun nan sun zama nata, aro take ba shi, kuma wanda aka ba aro ba ya dawo da kaya a gutsure.

Haka suka yi shekaru. Shi ke ɗaukar bindiga, ita ke zaɓen abin da zai rufe jikinsa. Fatar ƙwaurin barewar kiwo take ɗinka masa takalmi da ita, mai wuya har gwiwa, gashin yana kallon ƙasa don ƙanƙara ta zame. Zarenta jijiya ce, ta murza ta a cinya. Safa ta gashin zomo, hula ta dila, safar hannu ta fatar kare, busasshiyar ciyawa a shimfiɗe cikin takalmin. Shi dai ya miƙa ƙafa yana shan shayi yana ba da labarin harbin da ya yi, wanda kowace shekara dabbar ke ƙara girma.

A ƙarshen hunturun bara Moturuna ta rasu. Ta bar sabon takalmin hagu a gama, da ɗan jan zarenta a bakin wuya kamar kullum, ta bar fatun na dama a naɗe ba ta ko yanka ba. Tsofaffin takalman kuwa duk sun lalace, gashi ya zube, tafin ya yi fatar albasa.

Da kogi ya fara daskarewa sai ga 'yarsu Sardana daga birnin Yakutsk, inda take aikin jinya, da jaka cike da kaya da magana ɗaya a baki: Baba ya tattara ya bi ta birni. Akwai ɗaki mai ɗumi, akwai ruwan zafi a bango, ga jikoki. Ba don mugunta ta faɗa ba. Ta ga ƙafafu da yawa da aka kawo asibitinsu cikin bargo. Okonos ya ce a birni sai dai ya zauna bakin taga yana harbin motoci da yatsa. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan wannan: Bahilai, jagoran maharban ƙauyen, shi ke duba kayan kowa kafin a shiga dawa. In ya ce Okonos ya isa, Sardana ta koma ita kaɗai. In ya ce a'a, tsoho ya ɗaure kayansa.

Sai ya baje komai a kan gado ya shiga zaɓe, karon farko a rayuwarsa. Rigar da Sardana ta sayo mai sheƙi ce, ja kamar wuta. Ya murza hannun rigar, ta ce ƙwaras-ƙwaras. Ya ce da wannan tayak zai ji shi tun bai bar ƙofar gida ba, amma tana da kyau, zai riƙa zuwa kanti da ita 'yan mata su gani. Takalmin birnin ma ya ajiye a waje ya kwana, da safe ya buga shi a dutse ya ji yana amsawa kamar itace, ya mayar da shi kwali cikin ladabi. Amma 'yar rigar ciki mara nauyi da ba ta riƙe gumi, wannan ya shafa, ya sansana, ya ce ashe mutanen birni ma sukan yi tunani. Gumi ne ke kashe maharbi, kowa ya sani, sanyi ƙarasawa kawai yake yi. Ya ɗauke ta, ya ɗauki fitilar goshi, ya haɗa da tsohuwar rigarsa ta fata wadda ba ta magana.

Saura takalmin dama. Matan unguwa sun yi tayi, har da wata bazawara da ta zo da ma'auni da waina mai zafi. Ya ci wainar ya yi godiya, ya ce ƙafar ba tasa ba ce balle ya ba wata ta auna, mai ita ba ta nan.

Da kansa ya zauna. Ya juya takalmin hagu ciki ya koma waje, ya bi ɗinkin Moturuna da ido kamar yadda yake bin sawu, ya auna kowane ƙyalle da kara, ya yanka fatun daidai wa daida, ya juya fuskar zuwa dama. Mutumin da ke feɗe tayak kafin shayi ya huce, ga shi allura tana wasa da shi. Ya soki yatsa, ya zagi allura, ya zagi barewar da ta ba da fatar har da uwarta. Amma ya gama. Kuma gaskiya ɗinkin ya yi kyau, gashi duk yana kallon ƙasa, ba ɓaraka ko ɗaya. Ya rataye su a ƙofa inda mai wucewa zai gani.

Ranar dubawa maharba suka taru a gidan Bahilai. Shi Bahilai sa'an Okonos ne, tun suna yara suke zagin juna. Yadda yake yi, sai mutum ya sa safa da ciyawa da takalmi, shi kuma Bahilai ya ɗora babban yatsansa a kai ya ce a motsa yatsu. Ya danna na hagu, yatsu uku suka yi rawa. Ya danna na dama, shiru.

“Motsa mana, tsoho.”

“Ai ina motsawa.”

“A zuciyarka kake motsawa. Wannan ƙafar ɗaure ta ka yi kamar za a kai ta kasuwa.”

Okonos ya ce sabo ne, zai saki. Bahilai ya ce fata ba ta saki a sanyin da ke fasa itace, ƙara tsukewa take yi, kuma ƙafar da ba ta motsi jini ba ya zuwa gaishe ta. Ya rage murya ya ce, “Na ɗauko ka a baya sau ɗaya muna samari. Yanzu bayan nawa ya tsufa. Ba ka zuwa da wannan.”

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake akwai masu so.

Okonos ya koma gida, ya shiga rumbu ya kwaso tsofaffin takalmansa duka, ya riƙa haɗa su tafi da tafi. Kowane mai jan zare ya fi ɗan'uwansa tsukewa da faɗin yatsa biyu. Ya zura hannu can ciki, ya taɓo ɗan curin gashin zomo a ɗinke daidai gurbin yatsun da babu. Duk shekarun nan takalma iri biyu take yi masa, ɗaya na mai yatsu biyar, ɗaya na mai uku, ba ta taɓa faɗa ba. Shi kuwa ya ɗauka jan zaren ado ne. Ya auna cikakkiyar ƙafa da ma'aunin gutsurarriya, kuma ya riga ya yanka fatun.

Ya daɗe zaune a ƙasa da takalmi a cinya. Sardana ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Ta ci nasara ke nan, ba sai ta ce komai ba. Mota na nan, hanya ta daskare sumul. Maimakon haka ta buɗe akwatin uwarta ta fito da farar fatar ƙwauri, fara sol, wadda Moturuna ta ajiye don ta ɗinka mata takalmin ado mai duwatsu.

“Baba, farke bayan da gefen, ka saka wannan.”

Ya ce wannan ai ta mata ce, kuma tata ce.

“Ni dai ka je da yatsu takwas ka dawo da takwas. In ka rage ko ɗaya, a kafaɗa zan ɗauke ka zuwa birni.”

Ita ke zura zare a allura, shi ke ɗinki. Wannan karon ƙafar ya ɗora a kan fata, da safarta da ciyawarta, ya zana kamar yadda mai ita take yi yana shan shayi.

Da Bahilai ya sake danna yatsa, biyar ɗin suka yi rawa har da juyi. Ya dubi farin layin da ya taso daga yatsa ya zaga dunduniya, ya tambaya ko amaryar za ta iya ɗaukar bindiga ko a riƙe mata. Okonos ya ce amaryar ce za ta ciyar da shi bana, kamar bara.

Suka jefa wa wuta waina da man shanu don Bayanai, uban dawa, suka shiga. Sanyin da aka yi a makon nan, har karnuka ɗaga ƙafa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Wa ya harbi tayak ɗin, har yau ana gardama, don kowane tsoho ya ce shi ne. Abin da ba a gardama a kai, Okonos ya dawo da kason namansa, ya zauna a kujera, Sardana ta cire masa takalmi da hannunta ta ƙirga. Ta koma Yakutsk ita kaɗai, da cinyar tayak a bayan mota.

Yanzu ya yanka wasu fatun, wai na baɗi yake yi tun da wuri. Na same shi bakin taga na gaya masa na rubuta labarinsa, duniya za ta ji sunan Okonos ɗan Miteri, maharbin da ya kama allura ya kare gidansa, gwarzon farin takalmi.

Bai ko ɗago ba. Ya lashi bakin zare ya ce, “Matsa, ka tare mini haske.”