Zefaniya Okumu Ragot da Filin da Ya Jira Shi

Haihuwa da Asali

An haifi Zefaniya Okumu Ragot a shekarar 1957, a wani ƙauye na Asembo da ke bakin tafki, a yammacin ƙasar Kenya. Mahaifinsa Gershom Ragot masassaƙin jiragen kamun kifi ne, mahaifiyarsa kuwa Perpetuwa Aoko, wadda ta rayu tana kyafa kifi tana kai wa kasuwa. Shi ne babba a cikin maza, bayansa sai ƙanensa Walter Ongoro, wanda aka haifa a 1960.

Wajibi ne a ambaci wannan jeri na haihuwa tun a farko, domin a al'adarmu ta Luo ba a lissafa namiji cikin magidanta sai ranar da ya fita daga gidan ubansa ya kafa nasa. Fitar tana da ƙa'ida. Da sanyin safiya ake yinta, mutum da matarsa, babban ɗansa yana gaba riƙe da gatari da zakara, a gina ɗaki a wunin nan, a kwana a cikinsa. Ƙane kuwa ba ya fita kafin wansa, ko da furfura ta cika masa kai. Saboda haka tun ranar da aka haifi Walter aka ɗaure ƙafarsa da ta Zefaniya.

Neman Ilimi

Ya shiga makarantar mishan ta ƙauyensu a 1964, inda malamai suka lura cewa yaron ba ya gajiya da lissafi, amma da an juya baya sai a same shi a bakin ruwa yana taya ubansa riƙe katako. Ya yi sakandare a Kisumu, sannan a 1977 ya sami gurbin karatun lissafi a jami'a a Nairobi. Kafin tafiyarsa mahaifinsa ya hau da shi wani tudu mai tsamiya guda, inda ake hango tafki har ƙarshen gani, ya nuna masa iyakokin wurin, ya shaida masa cewa nan ne filinsa. Zefaniya ya sha faɗa daga baya cewa bai taɓa ganin wuri mai kyan wannan ba, kuma mu da muka san yawan ƙasashen da ya taka mun yarda ba daɗin baki yake yi ba.

Fara Aiki da Aure

A 1981 ya kama aiki da wani kamfanin inshora a Nairobi, kuma a 1984 ya auri Dorkas Anyango, malamar asibiti, wadda har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira ta da wani suna ba sai 'Yar Seme, wato garin iyayenta. Sun zauna a unguwar Buruburu, a nan aka haifi 'ya'yansu huɗu, babbansu namiji aka sa masa Gershom, sunan kakansa.

A 1989 ya koma ɓangaren masu sa ido a kan kamfanonin inshora. Bayan 'yan shekaru wani kamfani da ya ƙware a inshorar motocin haya ya durƙushe, aka tura shi cikin masu bincike. A ƙofar kamfanin ya tarar da zawarawa da guragu a layi, kowa da takardarsa a hannu, suna jiran diyyar da ba za ta zo ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kamfanin bai karya doka ba, domin ƙa'idar wancan zamani ajiyar kuɗi iri ɗaya take nema daga kowane kamfani, da mai ɗaukar haɗarin motar haya da mai ɗaukar haɗarin ginin coci. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa sai an gyara wannan, kuma a 1996 ya tafi Ingila ya yi kwas a kan tsarin da ke auna jarin kamfani gwargwadon nauyin haɗarin da ya ɗauka.

Rasuwar Mahaifinsa

A 1999 ciwon ajali ya kama Gershom Ragot. Da Zefaniya ya zo duba shi, tsohon ya sa aka ɗauko wani sabon gatari da maƙerin ƙauye ya ƙera, ya miƙa masa, ya ce, "Okumu, ka fita ka ba ɗan'uwanka hanya. Ba na so in tafi in bar ku cunkushe a nan." Ya karɓa da hannu biyu, ya yi alkawarin ƙarshen shekara. Ƙarshen shekara ya zo ya same shi a kan rubuta daftarin sabuwar ƙa'ida, gatarin kuwa ya bi shi Nairobi, ya sami mazauni a bayan durowar tufafi. Duk shekara yakan fito da shi ya shafa masa mai, ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya mayar.

Shekarun Koyarwa

Daga 2008 zuwa 2018 sunansa ya zagaya yankin a matsayin mai horar da masu sa ido da akantocin kamfanoni. Ya koyar a Kampala da Darussalam da Kigali da Lusaka, kuma ɗalibansa, cikinsu har da manyan daraktoci masu tumbi, ba sa kiransa sai Japuonj, wato malami. Darasinsa na farko bai taɓa sauyawa ba. Yakan ce ubansa ba ya sassaƙa jirgi sai ya tambayi mai shi inda zai shiga da shi, domin katakon jirgin da zai yi kamu a gefe daban, na wanda zai ratsa tsakiyar tafki daban. Haka ma kamfani, sai a dubi irin ruwan da yake shiga, a auna masifar da kan zo sau ɗaya a shekara ɗari biyu, sannan a faɗi jarin da zai tanada. Ɗaliban sun shaida cewa idan ya kai nan yakan yi shiru, ya zuba wa taga ido, har sai wani ya yi gyaran murya.

Kewar gida ta zauna masa a rai, kuma bai iya ɓoye ta ba. Duk masaukin da ya sauka sai ya roƙi ɗakin da ke kallon ruwa, kuma bai taɓa tafiya ba tare da ƙullin busassun ƙananan kifin Asembo a jakarsa ba, abin da ya sha haɗa shi da ma'aikatan filin jirgi.

A gida kuwa al'amarin ya wuce wasa. 'Ya'yan Walter maza sun girma, al'ada kuma ba ta yarda su gina ɗakunansu a gidan kakansu ba, sai suka yi aure suka kama hayar ɗakuna a bayan kasuwa. Duk Kirsimeti, idan an gama cin tuwo da kifi, Walter yakan ce, "Yaya, wai masifar nan taka ta shekara ɗari biyu, ita muke jira kafin ka fita? Ka faɗa mini in daina sayen kwanon rufi, tsatsa tana cinye mini shi." Sai Zefaniya ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka cika gaggawa, ɗan autan Aoko. Baɗi war haka muna kan tudu." Dorkas kuma ta ce, "Ni dai na gaji da kiwon zakaru, duk wanda na ware sai ya tsufa mu yanka."

Sau biyu aka tsayar da rana. A 2011 aka kira shi wani horo na gaggawa a Lusaka, ya tafi. A 2016 ya shirya tsaf, har an kai itace da ciyawa kan tudun, sai ranar ta faɗo daidai da jarrabawar ƙarshe ta ɗansa Gershom, wanda ke karatun lissafin inshora a Afirka ta Kudu, kuma ba a fita sai da babban ɗa. Gershom ya ce zai bar jarrabawar ya zo. Uban da kansa ya hana shi, ya ce fili ba ya gudu. A wannan karon Walter bai yi zolaya ba, ya tashi daga wurin cin abinci ya yi tafiyarsa, kuma wannan ya fi kowace zolaya damun Zefaniya.

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a ƙarshen 2018, aka tsayar da watan Disamba na 2019, Gershom ya sayi tikitinsa, Dorkas ta ware wani jan zakara. A watan Oktoba tsofaffin ɗalibansa suka roƙe shi ya ba da horo ɗaya na bankwana a Mombasa, shi kuwa bai iya cewa a'a ba idan maganar koyarwa ce. Yana tsaye gaban allo, ya kai daidai kan misalin katakon jirgi, sai ya yi shirunsa na kullum. Ɗaliban suka jira, wani ya yi gyaran murya, sai suka ga ya dafa tebur ya sulale. Ya rasu a asibiti washegari, yana da shekara sittin da biyu.

Jana'iza

Dattawan Asembo suka yanke cewa ba za a binne shi a gidan ubansa kamar yaro ba. Da sanyin safiyar ranar jana'iza Gershom ya hau tudun da gatarin a kafaɗa da jan zakaran a hammata, mahaifiyarsa tana biye. Walter ne ya haƙa ramin dirkar farko, ya hana kowa taɓa masa. Kafin rana ta take an gama ɗan ɗaki na itace da ciyawa, aka shigar da akwatin gawarsa ta ƙofar da ke kallon tafki, aka ajiye shi na ɗan lokaci domin a ce ya shiga gidansa. Waɗanda ke kusa sun ji Walter ya sunkuya yana cewa, "Yaya, sannu da zuwa. Da na san ta haka za ka ba ni hanya, wallahi da na ci gaba da jira." Aka binne shi kusa da tsamiyar bayan fasto ya yi addu'a.

Iyalin da Ya Bari

Ya rasu ya bar matarsa Dorkas Anyango da 'ya'ya huɗu: Gershom Ragot, masanin lissafin inshora a Johannesburg, Filgona Apondi, lauya a Nairobi, Lilian Awino, malamar makaranta a Kisumu, da Kefa Omollo, ɗalibi. Ya kuma bar ƙanensa Walter Ongoro, wanda ya fita ya kafa nasa gida a shekara mai bi, yana da shekara sittin. Da aka ce ya zaɓi wuri, bai nemi gefen hanya ba, duk da ya daɗe yana burinsa. Ya zaɓi gangaren tudun, inda idan ya zauna a ƙofarsa da yamma yana ganin tsamiyar.