Namadi na Geza da Ƙofarsa Mai Jin Laima

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, 14 ga Agusta, 1962, labari ya iske ni a Sharabi cewa Allah ya yi maka rasuwa, Namadi, taubashina. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Ba a ambatonka a Geza ba tare da ƙofarka ba. Kai ka fara sa ƙofar katako a ɗaki, wadda ka ɗauko a jaki tun daga Dahome, lokacin da sauranmu ke rufe ɗaki da asabari. Da rani lafiya lau. Da damina ta kama sai ta kumbura ta cije, ko ƙato ya ja ba ta motsi. Matarka Barira ta yi magiya a kira kafinta ya rage mata baki, ka ce atafau.

Hujjarka ita ce ƙofar ta fi mu jin laima. Ka ce laima ruwa ne da ke yawo cikin iska bai yanke shawarar sauka ba, ido ba ya ganinsa, amma gishiri da katako sun san da zuwansa. Mun yi dariya har muka gaji, daga baya muka dawo muna tambaya. Duk mai son shanya shinkafa ko kuɓewa sai ya biyo ta gidanka. In ƙofa ta buɗe salin-alin a yi shanya, in ta cije a haƙura. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba, mai tambaya ma sai ya sha fura.

Ranar 'yancin kai kuwa, ka ɗinka sabuwar riga za mu je Bagudo biki, laima ta kwana a gari, ƙofa ta cije kana ciki. Nijeriya ta samu 'yanci, kai ba ka samu naka ba sai azahar, sannan muka kama hanya. Da muka dawo na tsokane ka, sai ka ce ai ƙofa ta faɗi gaskiya, dubi yadda ruwa ya yi mana dukan tsiya a hanya.

Ranar da ka cika ma ba ta canza hali ba. Na iso Geza na tarar kana ciki, Barira na ciki, ƙofa ta cije, rana na ɗagawa, ga malamai na jiran gawa. Aka kawo gatari. Na ɗauka Barira za ta ce a sara, ita da ta yi shekara da shekaru tana tsine wa katakon nan. Sai muka ji muryarta daga ciki ta ce kada wanda ya taɓa. Dole majiya ƙarfi suka ɗaga jinkan ɗakin, muka fitar da kai ta sama. Kai da ko katanga ba ka taɓa haurawa ba.

Bayan sadakar bakwai na ce mata yanzu sai a kira kafinta. Ta dube ni ta ce, "Bar min ƙohwata, Manu. Ita ɗai tar rage mai yi min gardama gidan ga."

Allah ya jiƙanka, Namadi, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Ya ba Barira da 'ya'yanka da jama'ar Geza haƙurin rashinka. Ƙofar Aljanna kuma, Allah ya sa ka iske ta a buɗe, amin.