Enid Ackroyd da Hoton Tsoho Gledhill

A garinmu Skelby, cikin tsaunukan Yorkshire, babu wanda bai ci kifin Enid Ackroyd ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana soya kifi da dankali a shagon gindin gada. Mace ce mai kyauta, amma ba ta mantuwa. In ka taka ta yau, ko bayan shekara goma ne za ta gaya maka ranar da irin takalmin da ka sa. Ni Hilda maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu.

Mahaifinta Wilfred mutum ne shiru-shiru. Ya zo cikin sojojin Kanada lokacin yaƙin duniya na biyu, ya auri 'yar garinmu, ya kama aiki a masaƙar ulu ta gidan Gledhill, bai sake komawa ba. Ƙafarsa ta hagu babu yatsu biyu. In yana cin abinci sai ya kewaye faranti da hannu kamar za a ƙwace. Duk wanda ya tambaye shi danginsa, amsar ɗaya ce: "Ni maraya ne." A haka ya rasu.

Bayan Enid ta sayar da shago, tana kwashe tarkace sai ta tsinci wani kati a gwangwanin tabarsa. Sunan jirgin ruwa ne a jiki, da tashar Liverpool, da shekarar 1922, da sunan Wilfred, ɗan shekara tara. Ashe ba haifaffen Kanada ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, cikin yaran da gidajen marayu suka riƙa lodawa a jirgi suna kai wa manoma a ƙetare.

Shekara biyu tana rubuta wasiƙu. Wasu ofisoshin suka yi banza da ita, wasu suka ce takardu sun ƙone. Ba su san da wa suke yi ba. Wata safiya ina shanya sai na ji ta ta kan katanga: "Hilda, ajiye wankin nan ki zo."

Ashe wani ofishi ya aiko mata da takardun mahaifinta, ta baje su a tebur. Uwar Wilfred, Ada, mijinta ya mutu, ita kuma ciwon huhu ya kwantar da ita. Sai ta ba da ajiyar ɗanta mai shekara huɗu a gidan marayu, kafin ta warke. Da ta fito asibiti aka rubuta mata cewa wasu mutanen kirki sun ɗauke shi, kada ta neme shi. Shi kuma yaron aka ce masa uwarsa ta mutu. A Kanada a garken shanu yake kwana, can sanyi ya cinye masa yatsu. Ga kuma wasiƙu goma sha ɗaya da Ada ta aiko a kai masa, duk suna nan a jere, ba wanda ya tura ko ɗaya. Ta rasu a 1957, a wani gari mil goma sha biyu daga nan. Motar haya na zuwa can kowace awa.

Enid ta ɗora yatsa a ƙasan takardar izinin tafiya da Wilfred Kanada. "Karanta min sunan nan."

Na karanta. Horace Gledhill, shugaban kwamitin kula da talakawa, mai masaƙar da Wilfred ya yi shekara talatin yana wa bauta. Hotonsa ne rataye a zauren taron gari, kuma duk watan Yuni jikarsa Marjorie tana haɗa shan shayi don tunawa da shi.

Enid ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Babana har hula yake cire wa tsohon munafukin nan."

Na ce, "Haba Enid, mutumin da ya shekara hamsin a ƙasa?"

"Yana ƙasa, amma kullum ana goge masa hoto. Rama cuta ga macuci ibada ne, Hilda, ko ba ki je coci ba kin san wannan."

Ba ta yi gaggawa ba. Yunin farko ta je shan shayin, ta ci kek, har ta yaba wa Marjorie. A ɓoye kuwa tana tono. Ta gano yara ashirin da uku da sa hannun Gledhill ya tsallakar da su teku, ta bi sawun jikokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mutum shida suka yarda za su zo daga Kanada.

Yuni na biyu zaure ya cika. Marjorie ta miƙe cikin hularta mai fure tana jawabi, ta kira kakanta uban marayu. Sai Enid ta buga cokali a kofi. Baƙin nan shida suka tashi, kowa ya faɗi sunan kakansa da shekarunsa ranar da aka sa shi a jirgi. Sannan Enid ta buɗe wasiƙar Ada ta ƙarshe ta karanta: "Ɗana, in kana fushi da ni ne, ka yi fushin, amma ka aiko min ko layi ɗaya in san kana raye."

Marjorie ta ce, "Enid, don Allah, nan ba wurin wannan magana ba ne."

"Ina ne wurinta? Faɗa min in je."

"Zamani ne ya zo da haka. Shi a ganinsa taimako ya yi."

"Zamani ba ya riƙe alƙalami, 'yar gidan manya. Zo ki ga rubutun kakanki, ai kin san hannunsa."

Ba wanda ya ƙara taɓa kek. Bayan wata biyu majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, aka sauke hoton. Enid ta ɗauki kujera ta zauna a gaba tana kallon masu saukewa, har tana ce musu su yi a hankali kada ƙusa ta ji ciwo.

Marjorie, in faɗi gaskiya, ta zo har gida da furanni, idonta jawur. Enid ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba ni aka yi wa ba. Kabarin Ada na can, lamba ta ɗari biyu da shida." Marjorie ta kai furannin kuwa. Da na ba Enid labari, sai ta ce, "Sun makara."

Rabin gari suka daina gaishe ta, ko a jikinta. Ta sa aka sassaƙa sunan Wilfred a dutsen kabarin uwarsa, sannan ta juya kan titin da ke ɗauke da sunan Gledhill, wai sai an canza masa suna. A nan ta sha kaye, majalisa ta ce ya isa haka. Tun daga ranar ba ta sake taka titin ba. Zagaye take yi ta bayan coci in za ta kasuwa, ga ciwon gwiwa, ga tudu.

Da ta kwanta ciwon ajali na je duba ta a asibiti. Na gyara mata filo na ce, "To ƙawata, kin dai huce ko?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Wa ya huce? Saura titin. Takardar koke na kan firiji, kin ji, ki kai musu ranar Litinin."

Na kai. Suka sake ƙi.