Majanyin da Ya Jira Wata Goma Sha Tara

Jama'a, assalamu alaikum. Kusan shekara biyu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu cigiyata ku yi haƙuri, yau zan yi bayani gwargwadon ƙarfina.

An haifa mini 'ya a Roni, ƙafafunta biyu a haɗe daga cinya har idon sawu, fata ɗaya ta lulluɓe su.

Mahaifina duba-gari ne tun zamanin samun 'yancin kai. Ya bar mini akwatin ƙasidun kiwon lafiya, da su na yi rabin karatuna. Na zazzage shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya: ƙyanda, shan-inna, kurkunu. Babu wadda ta ambaci abin da ke gabana.

Ga kuskurena. Na sa aka naɗe ta saboda idon 'yan barka, na ce ba za a fita da jaririya ba sai bayan suna. A rana ta uku mahaifiyata, Inna, ta lura cikin jaririyar ya kumbura, kuma ba ta taɓa yin bahaya ba.

Ta ce, "Kai, ajiye takardun nan. Rago zai jira, cikin nan ba zai jira ba."

Daga asibiti a Kazaure aka tura mu Kano. Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya ce, "Malam, yawancin irinsu ƙoda ce ke kashe su. Taka tana da ɗaya mai aiki, ƙasusuwan kuma a rabe suke. Amma da ka ƙara kwana guda, da ba wannan maganar muke yi ba."

A barandar asibiti muka raɗa mata suna Rahama.

Aka buɗe mata hanyar bahaya ta gefen ciki, da leda da ake sauyawa. Daga baya aka sa wasu 'yan balan-balan a ƙarƙashin fatar ƙafa, duk mako ana ɗura musu ruwa domin fatar ta miƙe, ta ishi ƙafa biyu. Na sayar da babur, sannan gona. Na gaji har na daina tambayar yau wace rana ce.

Abin da ya fi cin ran matata Hauwa shi ne goyo. Yaro sai ya ware ƙafa yake zama a baya. Majanyin saƙi da Inna ta saya mata tun tana da ciki yana ninke a jakarta, ko'ina da shi take zuwa.

Ranar da za a raba ƙafafun ta ce mini, "Malam, ni ba tafiyarta nake roƙo ba tukuna. In ji ɗuminta a bayana kawai."

Aikin ya yi kyau. Aka shiga wankin ciwo da gashin ƙashi, wata da watanni. Har yanzu da sauran tiyata a gaba, kuma ba ta fara tsayuwa ba.

Ina godiya ga Allah, da likitoci, da nas-nas, da duk wanda ya yi addu'a ko ya taimaka. Shawarata: a kwance jariri a duba shi ranar haihuwa, a lura da fitsari da bahaya, kada a jira suna, kada a ji kunyar 'yan barka.

Makon jiya likita ya ba da izinin goyo. Inna ta ɗora Rahama a bayan uwarta, ƙafafun suka buɗe, Hauwa ta ɗaure majanyin. Tsintsiya ta ɗauka, ta sake share tsakar gidan da ta riga ta share da safe.