Maigora a Bakin Rafi

Me yaron nan yake tunani da ya tsaya a bakin rafi bai yi ihu ba? Na tsufa, na binne mai labarin, har yau ban sani ba.

Ina yarinya, a kakar da na fara zubar da haƙora, aka tura mu korar tsuntsaye a gonar dawa a Manga, ni da Bawa, wanda aka kawo daga wajen Ribah ya zauna gun gwaggonsa, maƙwabciyarmu. Muna kan rumfar kara, muna jan igiyar gwangwanaye, gyaɗa tana gasuwa a toka. Rana tsaka ya ce zai ba ni labarin wani yaro, Maigora. Na toshe kunne, don manya sun ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a daji. Ya ce, "Wawuya, ba tatsuniya ba ce, labari ne." Na ɗauka wayo ne na kauce wa dokar manya, na saurara.

Maigora ya raka uwarsa gona da damina. Da za su dawo, rafi ya cika. Ta miƙa masa gorar ruwa, ta ce ya riƙe da kyau, ta shiga ta gwada zurfin, ruwa ya fara jan ta. Ga maza suna noma a kan tudu, kira ɗaya za su ji. Yaron ya tsaya, hannu biyu a kan gora. Kullum nan Bawa yake yankewa. In na ce sai me, ya ce, "Ja igiya, tsuntsaye sun sauka."

Na yi shekaru ina juya yaron nan a raina, a bakin dutsen niƙa da hanyar rijiya. Wata rana in ce tsoro ne ya ɗaure masa harshe. Wata rana in ce ta doke shi da safe, ya so ta ɗan wahala, bai san ruwa ba ya wasa ba. Wata rana kuma in ce gora aka ba shi riƙo, ba a ce ya kira kowa ba. Na lura komai na labarin yana sauyawa, sunan ƙauyen da yawan manoman, amma zanen uwar kullum baƙi ne mai ratsin fari.

Bawa ya yi golmo a gonar babana, noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa, muka yi aure, muka koma Rikoto. An ce mini uwarsa ta rasu yana ƙarami. Ban taɓa ganin ya sha ruwa a gora ba, sai a ƙwarya. Ban haɗa abubuwan ba, ko in ce na ji tsoron haɗawa.

Yanzu jikokina suna kallon wasan kwaikwayo a waya, kowa a ciki yana zazzage abin da ke ransa yana kuka. Mu abin da ya yi mana nauyi, wani yaro muke ƙirƙira mu ɗora masa.

Da ciwo ya kwantar da Bawa, na kai masa kunu a ƙwarya wata safiya, na ce, "Baban Rahila, Maigora shekararsa nawa?" Ya ɗaga yatsu biyar. Na ce ɗan shekara biyar ba shi da laifi, ko me yake tunani. Na so in tambaye shi tunanin, kuka ya hana ni. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ce, "Ladi, ai na gaya miki tun a rumfa. Ba tatsuniya ba ce."