Gindin Kwanon Awo

Har yau in na hango mota da lasifika tana zagaya kasuwa, raina ɓaci yake yi tun kafin in ji abin da ta zo da shi. Da irin wannan motar aka shigo mana kasuwar Rano a shekarar da hatsi ya yi tashin gwauron zabo. Aka ce an kafa kwamitin daidaita farashi, daga yau ga kuɗin kwanon gero, ga na masara, ga na dawa, wanda ya ƙara ko sisi za a kwashe kayansa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ni ban yi ba, domin da safiyar ranar na sayi buhu a hannun wani manomi daga Zurgu, na kuma san in na auna shi a kuɗin da lasifika ta faɗa, ko uwar kuɗina ba za ta dawo ba.

Ni malamin firamare ne, awo kuwa gadonsa na yi. Rumfar ta mahaifina ce, kwanon awon ma nasa ne, ranar kasuwa in an tashi daga makaranta nan nake zama har magariba.

'Yan kwamitin nan na san su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya riƙe fartanya a cikinsu tun da ya yi wayo, sai babbar riga mai sitaci da hula a karkace. Ba su yanka wa taki farashi ba, ba su yanka wa fetur ba, ba su tambayi nawa ake biyan mai noman ƙodago ko mai ɗauko buhu daga ƙauye ba. Kwanon da ke gaban ma'auni kawai suka gani, don shi ne a zaune a ƙasa inda ƙafa ke iya kaiwa.

Kasuwa biyu aka ci, hatsi ya ɓace. Manomi ai ba wawa ba ne. Mutanen Zinyau da Zurgu suka daina ɗoro buhu a babur, manyan motoci kuma suka koyi hanyar ƙauye, suna saye a bakin rumbu da kuɗi mai kyau suna wucewa da shi inda babu lasifika. Layin 'yan hatsi da a da sai ka yi ta gafara-gafara kafin ka ratsa, ya koma wurin kwanciyar awaki. Wasu ma'auna suka mayar da ciniki zauren gida, ƙofa a sakaye, sai wanda suka sani, kuma da tsadar da ta fi ta da. Wasu suka koyi haɗa gero da tsakuwa da ƙaiƙayi. Talakan da aka ce dominsa aka yi dokar yana yawo da buhu a hannu, ga kuɗinsa daidai yadda hukuma ta ce, babu mai auna masa.

Mu da muka rage a rumfa, wani dattijon ma'auni ne ya tara mu ya ce, "Ku yara, kuɗin kwano suka yanka. Kun ji sun faɗi zurfinsa?"

Na yi mako guda ina cika baki cewa ni ba da ni ba, ni da nake tsayawa gaban yara ina gaya musu tauye mudu haramun ne. Wata Laraba bayan la'asar na kifa kwanon mahaifina a kan buhu, na naɗe kan taɓarya da tsumma don kada ta bar tabo, na buga masa gindi sau uku. Gindin ya lotsa ya taso ta ciki. In ka cika shi ya yi tozo babu mai ganewa, amma abin da ya kai tafi biyu ya tafi. Matata tana tankaɗe a gefe, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Kasuwar da ta biyo 'yan kwamiti suka tsaya a rumfata, suka tambayi farashi, na faɗi nasu. Shugabansu ya dafa kafaɗata ya ce da a ce kowa kamar Malam yake, da ƙasa ta gyaru. Wallahi ji na yi kamar in tofa masa yawu a babbar rigar.

Cikin masu sayena akwai wata dattijuwa Bafulatana mai fura da nono, daga rugar da ke bayan Yalwa. Tun zamanin mahaifina take sayen gero a rumfar nan. Inna nake ce mata, ita kuma ɗan Malam take ce mini ko da furfura ta fara fito mini a gemu. Kwano biyar take saye duk kasuwa. Da ta zo, ba ni da wani kwanon, kuma ko ina da shi, fito da kwano na biyu a gaban layin mutane tona wa kai asiri ne. Na auna mata da lotsattsen, na ƙara mata gyara mai kauri, na ce a raina ai ya cike. Bai cike ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne mai fura da curi take sanin gero. Inna ta san curi nawa kwano biyar ke fitarwa kamar yadda ta san shanun garkensu. Kuma ba ta taɓa sake auna abin da ya fito daga rumfarmu ba, don ba ta ga dalili ba.

A kasuwa ta uku ta sauke ƙwaryarta ta zauna a bakin tabarmata, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Ɗan Malam, lalacewar zamani ta shigo mini har ɗaki."

Na ce, "Lafiya, Inna?"

"Matar ɗana. Ita ke yi mini surfe da daka tun da ƙuguna ya hana ni. Yanzu duk dakan da ta yi sai fura ta yi ƙasa. Ɗiba take yi. Ko sayarwa take, ko gidansu take aikawa, Allah masani."

Na ce, "Inna, ko dai geron bana ne ba shi da auki?"

"Na san geron bana. Hannu ne."

Na yi shiru, na auna mata biyar ɗinta, na zuba gyara har sau biyu. Wannan shirun nawa ne, ba zan jingina wa kowa shi ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoron a ji a layi, tsoron a ji a makaranta. Na bar tsohuwa ta ɗauki kayanta ta tafi da zargin 'yar mutane a ranta.

Da ta dawo a kasuwa ta gaba ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Ta ce ta kira yarinyar ɓarauniya a gaban matan ruga, yarinyar kuma ta goya ɗanta ta tafi gidan iyayenta a wani ƙauye gaba da Kibiya. Sannan ta ce, "Abin da ya hana ni sukuni, ɗan Malam, ta tafi, ƙanwata ta zo baƙunta ta yi dakan a gabana, furar kuma ba ta cika ba." Ta faɗa tana kallon hannuna.

Na zubar da geron da ke cikin kwanon, na kifa shi na miƙa mata. Ta sa babban yatsa ta shafa lotsawar, ta daɗe tana shafawa.

"Na mahaifinka ne?"

"Nasa ne, Inna."

"Tashi."

"Inna, kasuwa tana ci."

"Kibiya za mu. Ba ni za ka gaya wa ba."

Na rufe buhunan na bar wa maƙwabcina, muka shiga mota, kwanon yana cinyarta. Daga Kibiya muka hau babura zuwa ƙauyen. Mahaifin yarinyar ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, 'yan uwansa suka zagaye mu. Na buɗe baki na yi ta zuba kamar ina aji: kwamiti, lasifika, tsadar taki, motocin da ke kwashe hatsi daga ƙauye. Dattijon ya bar ni har na gaji.

Ya ce, "Malam, mu ba mu san kwamiti ba. Wa ya buga kwanon?"

Na ce, "Ni ne."

Inna ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri, ta ce ta zo ne ta tafi da 'yarta. Aka kira yarinyar. Ta fito da goyo, ta durƙusa nesa da mu. Ba ta dubi Inna ba, ba ta dube ni ba, mahaifinta ta yi wa magana.

"Baffa, mai awo na yafe masa, shi bai san ni ba. Ita kuwa shekara shida ina daka mata. Fura ta ragu, ba ta zargi kasuwa ba, ba ta zargi kowa ba, sai ni. Ba zan koma ba."

Ta tashi ta shige gida. Aka yi lallashi, aka yi nasiha, har rana ta yi sanyi, ba ta sake fitowa ba.

Kwamitin bai kai damina ba ya watse. Babu wanda ya zo da lasifika ya ce an janye doka, kawai aka daina ganinsu, hatsi ya dawo kasuwa da tsadar da ya ga dama. Shugaban nan yana nan, ana kiransa taro ana gabatar da shi a matsayin wanda ya share wa talaka hawaye. In mun haɗu a masallaci sahu nake canjawa. Ban yafe musu ba, kuma ba na jin zan yafe, don mutanen da ba su taɓa sayen buhu da guminsu ba suka zauna a inuwa suka yanke hukuncin da ya mayar da layi guda na ma'auna maha'inta, ni a cikinsu.

Ranar da muka dawo daga Kibiya, mota ɗaya muka shigo ni da Inna. Da muka zo mararrabar da za ta sauka na miƙa wa kwandasta kuɗinmu mu biyu, ta ce a mayar mini da nata, ta kwance bakin zaninta ta biya da kanta. Yarinyar ba ta koma ba, auren ya mutu bayan sallah. Inna kuma ta daina fura, don babu mai daka mata.